Kwalbar Monsura a Cikin Ƙanƙara

Kuskuren da Lamidi ya yi a ƙarshen makon nan ba sakaci ne ya jawo shi ba. Da ma sakacin ya yi, da ya jefa kwalbar a aljihu ya manta da ita har ranar Litinin, da babu abin da zai lalace. Abin da ya fi iyawa a duniya shi ya kai shi ya baro.

Shekara talatin ke nan yana sayar da kifin ƙanƙara a kasuwar Odo-Ori, cikin garin Iwo. Firiza uku gare shi a shago, biyu manya ɗaya ƙarama, da wani tsohon janareta da yake lallaɓawa kamar mai jego. In wuta ta ɗauke kwana biyu, kifin maƙwabta ya fara saki yana tara ƙuda, na Lamidi yana nan da tauri kamar itace. Shi ya sa har mutane suka manta sunansa na yanka, Baba Eleja kawai ake ce masa, baban masu kifi.

Monsura ce 'yarsa ta fari. Shekararta talatin da ɗaya, malamar firamare ce, 'ya'yanta biyu, mijinta direban tirela ne da ba ya kwana uku a jere a gida. Wajen wata takwas ta yi tana ganin jini in ta zaga. Uwarta ta ce basir ne, ai duk zuri'arsu suna da shi, ta shiga dafa mata agbo, maganin gargajiya na saiwoyi da ganyaye, tukunya bayan tukunya, mai ɗacin da ko warinsa ka ji sai ka yi tsartuwa. Monsura ta sha, ta sha, jini bai tsaya ba. Zanin da take ɗaurawa daidai ya koma yana zagaye ta har da ragowa. Sai ranar da jiri ya kayar da ita a gaban allo, yara suka watse da ihu, sannan Lamidi ya rufe shago ya ɗauke ta zuwa wani asibiti a Osogbo.

A can suka haɗu da Dokta Oyewole, wani dogo marar yawan magana. Ya duba ta, ya sa aka ɗebi jini, sannan ya ce sai an leƙa hanjin. Akwai wani siririn bututu mai fitila da ido a kansa, ana zura shi ta dubura ya bi hanji har ƙarshe, likita yana kallo a talabijin. Amma fa sai hanjin ya zama fes kamar an wanke da sabulu, in ba haka ba idon ba ya ganin komai.

Wankin nan shi ne azabar. Ranar Alhamis aka hana ta abinci, sai ruwa da romon da aka tace. Aka ba ta wani gari a dama cikin jarka cike da ruwa, ta shanye shi tsakanin hantsi da magariba. Gidan iyayenta ta dawo don a riƙe mata yaran. Lamidi bai fita kasuwa ba ranar. Ya ɗauko benci ya zauna a tsakar gida da tsohuwar rediyo a cinya, wai gyara yake, alhali ƙofar banɗaki yake kallo. Duk shigar da ta yi sai ya ƙirga a ransa. Zuwa la'asar da bango take tafiya. Ta zo ta zube kusa da ƙafarsa, leɓenta ya bushe, da kofin a hannunta.

"Baami," ta ce, yadda take kiran babanta ke nan, "in na gama wannan jarkar, ko ɗaure ni za a yi ba zan sake shan irinta ba. Gara a bar ni da ciwona."

"Ba za ki sake ba," ya ce. "Sau ɗaya ne. Ni na gaya miki."

Ranar Juma'a da hantsi aka yi aikin. Bayan an gama, tana can kwance allurar barci ba ta sake ta ba, likita ya kira Lamidi da matarsa ofis ya juyo musu da talabijin ɗin. Lamidi ya ga wani rami mai launin cikin baki, sumul, yana sheƙi. Can gaba sai ga wani abu ya tsiro a gefe, curarre kamar ƙwan kifi, yana tsattsafo da jini. Matar tasa, Iya Monsura, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Baba, ba zan ɓoye muku ba," in ji likita. "Kamanninsa ba su yi mini ba. Ina zargin ciwon daji ne. Amma ido ba ya yanke hukunci a nan. Na tsinko 'yan ƙanana guda huɗu daga jikinsa. Za a kai su Ibadan a duba, su ne za su gaya mana ko mene ne. Ranar Laraba kuma ku dawo a ɗauki hoton cikinta gaba ɗaya."

A bakin ƙofa wata nas ta miƙa wa Lamidi takarda da wata 'yar kwalba da ba ta wuce babban yatsa ba. Ruwa ne a ciki garau, a ƙasansa kuma wasu 'yan gutsattsari huɗu kamar tsakin shinkafa. An manna filasta a jiki, an rubuta sunan Monsura.

"Ɗakin gwajin ba sa karɓa Asabar da Lahadi," ta ce. "Yau kuma kafin ku isa sun tashi. Litinin da safe ku kai. Ku ajiye ta da kyau, kada ta zube."

Bai tambaye ta yadda ake ajiyewa ba. Wa zai koya wa Baba Eleja ajiyar tsoka?

A mota, kan hanyar komawa Iwo, Monsura ta jingina da kafaɗar uwarta tana gyangyaɗi. Kwalbar tana aljihun gaban rigarsa. Zafin watan Maris ne, motar kamar tanda, yana jin gumi yana bin ƙirjinsa. Da ya taɓa aljihun sai ya ji kwalbar ta yi ɗumi.

Wannan ne karo na biyu a rayuwarsa da aka ɗora masa wani yanki na jikin yarinyar nan a hannu. Na farko ranar da aka haife ta ne. Ungozoma ta miƙo masa mabiyiya a cikin ƙaramar tukunya, domin a danginsu uba ne ke binnewa, kuma ba a binne ta ko'ina sai wuri mai sanyi, don rayuwar yaro ta yi sanyi. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, shi ya nuna masa gindin ayabar da ke bayan banɗaki, inda ruwa ke kwanciya rani da damina. Ya durƙusa ya haƙa da hannunsa, yana saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu, yana tsoron kada ya kifar da tukunyar. Duk abin da Monsura ta samu daga baya, haƙurinta, karatunta, sanyin bakinta, a ransa yakan ce gindin ayabar nan ne.

Da suka isa gida Iya Monsura ta ce ya ɗora kwalbar a saman kabad, kusa da Alƙur'ani, inda yara ba sa kaiwa.

"A zafin nan?" ya ce. "Ƙarƙashin rufin kwano? Kwana uku? Iya Monsura, ko hanta ce kika bari a can zuwa gobe ai kin san labarin."

"To ai likitoci ba su ce a sa a sanyi ba."

"Su aikinsu yanka. Ajiya tawa ce."

Bayan la'asar ya tafi kasuwa ya buɗe shago. Ya kwashe duk kifin da ke cikin ƙaramar firizar, ya cusa a manyan har murfi yana ƙin rufuwa. Ya kawo ruwa da sabulu ya wanke ta ciki da waje, ya goge da sabon tsumma. Ganiyu mahauci, wanda rumfarsa ke jikin shagon tun suna samari, ya leƙo da wuƙa a hannu.

"Baba Eleja, amarya za ka sa a ciki ne?"

"Kai dai je ka kori ƙudanka."

"Shekara talatin ban taɓa ganin ka wanke firizar nan ba, sai ran da masu duba-gari za su zo. Ko an tsegunta maka ne ka ƙi gaya wa maƙwabcinka?"

Lamidi ya fito da kwalbar ya nuna masa, ya faɗa masa ko ta wace ce. Ganiyu ya ajiye wuƙar, ya goge hannu a jikin riga. Ya daɗe yana kallon 'yan gutsattsarin.

"Allah ya ba ta lafiya," ya ce. "Ka sa ta can ƙasa, kusa da inji. Nan ya fi sanyi."

Lamidi ya naɗe kwalbar a farin hankici, ya sa a gwangwanin madara, ya ɗaure da leda, ya ajiye ita kaɗai a tsakiyar firizar. Ranar Asabar wuta ta ɗauke tun safe, ya tayar da janareta. Ranar Lahadi, da ba ya zuwa kasuwa, ya zo sau uku. A zuwan ƙarshe ya kwance ledar ya duba. Ruwan ya daskare ya yi fari fat, gutsattsarin suna maƙale a tsakiya. Tun da aka fara rashin lafiyar nan, ranar ce ta farko da ya ji ya yi wa 'yarsa wani abu da hannunsa.

Litinin da sassafe ya cika 'yar kula da ƙanƙara, ya binne gwangwanin a ciki, ya hau motar Ibadan. Kwandasta ya ce a sa kular a but, Lamidi ya ce sai dai a sa shi a but ɗin tare da ita. A cinya ya riƙe ta har tasha.

Ɗakin gwajin yana ƙarshen wani dogon baranda mai warin magani. Wata mata ce a bakin taga, mai furfura tsilli-tsilli da tabarau rataye a wuya. An rubuta Madam Akinyode a ƙirjin farar rigarta. Ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi takardar. Ya ɗora kular a kan teburin tagar, ya ture ƙanƙara, ya kwance leda, ya buɗe gwangwani, ya warware hankici, a hankali, yana so ta ga irin kulawar da aka yi. Da ta ɗauki kwalbar sanyin ya kama mata yatsu, sai fuskarta ta canza.

"Baba, wa ya ce ku sa a ƙanƙara?"

"Ba wanda ya ce, Madam. Tun Juma'a take cikin firiza. Ko minti ɗaya ba ta narke ba, janareta na kunna mata."

Ba ta yi masa faɗa ba. Daga baya ya riƙa cewa da ma ta yi. Ta zagayo ta buɗe ƙofa, ta jawo kujera ta ce ya zauna.

"Mece ce sana'arku?"

"Kifin ƙanƙara."

"Shi ya sa," ta ce a hankali. Ta ɗaga kwalbar. "Ruwan nan na ciki magani ne. Shi ne ke tsare tsokar. Da a kan tebur kuka ajiye ta, ko wata guda ta yi ba abin da zai same ta."

"A zafin nan?"

"A zafin nan. Bari in tambaye ku. Kifin da ya daskare aka narkar da shi, namansa yana komawa yadda yake lokacin da aka kamo shi?"

Wannan tambaya ce da ya san amsarta fiye da kowa a barandar nan.

"Ba ya komawa," ya ce. "Saki yake yi. In ka matsa sai ya kawo ruwa. Ƙanƙara ce ke cinsa ta ciki."

"Allurai take zama, ƙanana, ta huhhuda shi ko'ina. A tukunya ba wanda zai damu. Mu kuwa yanka tsokar nan za mu yi siririya, ta fi ɓawon albasa, mu rina ta, likita ya sa a madubin ƙara girma ya dubi ƙwayoyin da ke ciki yadda suka jeru. A jerin nan ake gane ciwon daji da wanda ba shi ba. In ƙanƙara ta yayyaga su, kamar wasiƙar da ruwan sama ya doka ce. Takarda tana nan, rubutun ya tafi."

Ya kalli hannuwansa, duk sun yi kanta saboda shekarun da suka yi a cikin sanyi.

"Shi ke nan na lalata?"

"Ban ce ba. Ƙarfe nawa aka tsinko, ƙarfe nawa kuka sa a firiza?"

"Kafin sallar Juma'a aka yi. Bayan la'asar na sa."

"To maganin ya ɗan ratsa su kafin sanyin, wannan ya taimaka. Kuma guda huɗu ne, wani lokaci akan samu ɗaya ya tsira. Za mu narkar da ita a hankali mu gwada. Ku ba mu kwana goma. In ya karantu za a rubuta. In bai karantu ba, sai an sake leƙawa an tsinko wani."

"Da shan jarkar?"

"Da shan jarkar, Baba."

Ya koma Iwo da kula babu komai ciki sai ruwan ƙanƙara yana kaɗawa. A gida Monsura tana zaune a tabarma tana tsefe wa ƙaramar 'yarta kai. Ta yunƙura za ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta zauna.

"Baami, sun karɓa?"

"Sun karɓa. Kwana goma suka ce."

Bai yi ƙarya ba, amma ya wuce ɗaki bai kalle ta ba. Talata ma haka. In tana tsakar gida sai ya tuna da wani aiki a shago. In ta kawo masa ruwa sai ya karɓa yana kallon kofin. Ga Ganiyu ma bai faɗa ba. Abu ɗaya ya riƙe a ransa: hoton ranar Laraba. Ya ji an ce na'urar tana ganin mutum har ƙashi, har hanta da huhu. Abin da ke ganin wannan duka, me zai yi da 'yar tsoka kamar tsakin shinkafa?

Ranar Laraba su biyu suka je Osogbo, uwar ta zauna da jikoki. An ce kada ta karya. Aka duba takardar jininta aka ce ƙodarta lafiya, za ta iya ɗaukar allurar da ake yi kafin hoton. Aka ba ta wani ruwa ta riƙa kurɓa har awa guda, ta ce wannan kam wasa ne in aka kwatanta da jarka. Da aka kira ta, kafin a rufe ƙofa, Lamidi ya hango na'urar, wani ƙaton farin zobe kamar tayar tirelar mijinta, da siririn gado da ke shiga cikinsa. Ya so ya bi ta, aka ce a'a, hasken ba a shigarsa ba gaira ba dalili. Ya tsaya a jikin ƙofar yana jin wata murya tana cewa ta riƙe numfashi, sai shi ma ya riƙe, har sai an ce ta saki.

Yana nan tsaye ya ga Dokta Oyewole zai wuce da fayil a hammata. Ya tare shi.

"Likita, tambaya gare ni. Hoton nan ai yana ganin komai ko?"

"Yana ganin abubuwa da yawa."

"To in misali, misali fa na ce, kwalbar nan wani abu ya same ta. Ai hoton ya wadatar."

Likita ya tsaya ya dube shi sosai. "Wani abu ya same ta ne?"

Lamidi ya buɗe baki zai sake cewa misali, sai ya kasa. Ya faɗa masa komai, har da janareta. Likita ya sauke numfashi, ya jingina da bango kusa da shi.

"Baba, hoto zai gaya mini inda abin yake, da girmansa, da ko ya taɓa hanta ko huhu. Ba zai gaya mini ko mene ne ba. Gwajin jinin da muka yi shi ma lamba ce kawai, da ita za mu riƙa awo nan gaba mu ga ko tana hawa ko tana sauka. Sunan ciwon yana cikin tsokar nan. Ba zan sa mata wuƙa ba, ba zan ɗaura mata magani mai ƙarfi ba, sai na ga sunan a rubuce. In bai karantu ba za mu sake, kuma ba za mu ja lokaci ba."

"Ta rantse ba za ta sake sha ba. Ni kuma na yi mata alkawari."

"Kun gaya mata?"

"A'a."

"Hanjinta ne fa, Baba," in ji likita, ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

Monsura ta fito da auduga manne a hannu, tana gyara ɗankwali. Ta ce allurar da aka yi mata ta sa ta ji wani ɗumi ya bi jikinta har ƙasa, har ta ɗauka ta yi fitsari a gadon mutane, sai da ta shafa ta ji a bushe. Ta yi dariya, shi bai yi ba. Aka ce hoton sai likitansa ya zauna ya karanta, su dawo mako mai zuwa.

A tsallaken titi akwai wata rumfar abinci. Ya sa aka kawo mata tuwon amala da miyar ewedu, wato lalo, mai laushi, ba yaji. Shi ya ce ba ya jin yunwa. Ta yi loma uku, ta huɗu ta tsaya a hannunta.

"Baami."

"Na'am."

"Tun Litinin ba ku kalli idona ba. Yanzu kuma ina fitowa na hango likita yana dafa ku." Muryarta ba ta tashi ba, sai dai ta yi siririya. "Sakamakon ya fito ne kuka ɓoye mini? In mutuwa zan yi ku gaya mini. Ina da yara biyu, akwai abubuwan da zan shirya."

Sai a lokacin ya gane abin da shirunsa ya yi mata. Kwana biyu yana tsaron kunyarsa, ita kuwa tana kwance tana lissafin wanda zai riƙe mata 'ya'ya.

"Anike," ya ce. Sunan yabonta ke nan, wanda kakarta ta raɗa mata, shi kaɗai ke kiranta da shi, shi ma ba kullum ba. "Ba abin da ya fito. Ni ne na yi ɓarna."

Ya faɗa mata. Bai rage komai ba, daga aljihun da ya yi ɗumi har zuwa wasiƙar da ruwa ya doka. Da ya zo kan maganar jarka sai ya tsaya ya sha ruwan wanke hannu bai sani ba.

Ta mayar da lomar cikin kwano. Ta daɗe tana kallon titi, masu babur suna wucewa. Mai abincin ta zo za ta tambaya ko a ƙara miya, ta ga fuskokinsu ta juya.

"Kun san sau nawa na shiga banɗaki ranar nan?" ta ce, ba ta dube shi ba.

"Sau goma sha tara."

Ta juyo. "Ƙirgawa kuke?"

"Rediyon ai lafiyarta ƙalau."

Hawaye ya taru mata, ta sa bayan hannu ta share, don tafin da miya.

"Wace firizar?"

"Ƙaramar."

"Baami, da kifin titus kuka haɗa ni?"

"Haba dai. Na kwashe su duka. Da sabulu na wanke, tambayi Ganiyu. Ke kaɗai ce a ciki."

Dariyar ta zo mata ba shiri. Ta riƙe ciki tana cewa wayyo, tana yi tana kuka, har wani mai cin abinci a bencin gaba ya waiwayo. Lamidi bai san ko ya taya ta ba ko ya ba ta haƙuri, sai ya miƙa mata hankicinsa, wanda ya naɗe kwalbar da shi, an wanke an goge.

"Maami ta ba ni labarin gindin ayaba," ta ce da ta lafa, tana nufin uwarta. "Ta ce wuni guda kuka yi kuna komawa kuna zuba ruwa a wurin, har Kaka ya ce za ku ruɓar masa da ayaba. Ku dai komai nawa sai kun sa shi a sanyi."

"Abin da na sani ke nan, Anike."

"Na sani."

Ta jawo kwanon ta ci gaba da ci, a hankali. Ta tura masa gefe guda, ya wanke hannu ya sa. Suka ci tare har kwanon ya kusa ƙarewa.

"In ta kama a sake, zan sha," ta ce. "Amma ku za ku riƙa zuba mini a kofi. Maami in ta zuba sai ta yi kuka, ni ma ta sa ni. Kuma ba za ku ɓuya a bayan rediyo ba, kusa da ni za ku zauna."

"Na ji."

"Kwalbar kuma ni zan riƙe."

"Ke za ki riƙe," ya ce.

Da suka koma Iwo ya mayar da kifi cikin ƙaramar firizar. Ya faɗa wa Ganiyu, wanda ya ce ai shi ne ma ya ce a sa kusa da inji, don haka laifin a raba biyu. Iya Monsura ta ce ai ta faɗa, sau ɗaya kawai ta ce, ba ta sake ba. Lamidi ya sayi sabon kofi mai hannu ya ajiye a saman kabad, ko da za a buƙace shi. Wayarsa kuwa ba ya barin ta ko da zai shiga masallaci, sai dai ya rage mata ƙara.

Yau kwana shida ke nan da kai kwalbar, ba a kira daga Ibadan ba tukuna. Ba a sani ba ko ɗaya daga cikin gutsattsarin nan huɗu zai karantu. Ba a san sunan abin da ke cikin hanjin Monsura ba. Hoton ma ba a gama karanta shi ba, don haka babu wanda ya san ko abin yana nan wuri guda ko ya kai hanta.